Yadda A Ke Ƙara Wa Injin Babur Na Doguwar Tafiya Ƙarfi

Akwai wani irin babur a Amurka wanda ba don zirga-zirgar cikin gari aka ƙera shi ba, sai don keta ƙasa daga wannan teku zuwa wancan. Mafi shahara su ne na kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee a shekarar 1903. Babba daga cikinsu, irin Electra Glide mai akwatunan kaya, nauyinsa ya kan kusa kilo 400 tun ba wanda ya hau. To, a ɗora masa maigida da uwargida da guzurin kwana goma, a doshi tudu, ga kuma babbar mota a gaba ana son wuce ta. Nan ne mai shi ya kan ga ƙarfin injin bai ishe shi ba, ya nufi wurin makaniki. Abin da ya kamata ya roƙa a can shi ne maganarmu, domin da yawa sun zuba dukiya, sun komo gida da akasin abin da su ke nema.

Da fari sai mu rarrabe ƙarfi iri biyu. Na ɗaya shi ne ƙarfin murɗi, watau irin wanda hannu ke yi wa sifana sa'ad da a ke kwance noti. In sifana ta kai ƙafa ɗaya tsawo, aka danna ƙarshenta da nauyin laba ɗaya, an sami laba-ƙafa ɗaya ke nan. Na biyu shi ne ƙarfin doki, wanda James Watt ya tsai da awonsa, shi kuwa yawan aiki ne cikin ƙayyadadden lokaci. Lissafin da ya haɗa su ba shi da wuya: a ninka ƙarfin murɗi da yawan juyin inji a minti ɗaya, a raba da 5,252. Ku gwada a allo. Inji mai laba-ƙafa 100 a juyi 3,000 ya ba da doki 57. Wani mai laba-ƙafa 50 kaɗai, amma yana juyi 6,000, shi ma doki 57. A takarda ɗaya su ke, a hanya kuwa sun bambanta kamar takarkari da dokin sukuwa. Na biyun sai an rage giya an matsa masa ya yi kuka kana ya ja, na farkon kuwa ana taɓa totur ya tafi da kayansa. Matafiyi galibi yana tsakanin juyi 2,000 da 3,500 ne wuni zubur, saboda haka takarkari ya ke bukata.

Inji dai tamkar zugazugin maƙeri ne: yana shaƙar iska, a gauraya ta da fetur, a ƙone, ya fitar. Duk dabarar ƙara ƙarfi ba ta wuce a sa shi ya shaƙi iska mai yawa ba. Don haka a kan fara da hanci da baki, watau a canja matacin iska da salansa. Amma fa fetur yana son misalin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya nasa, a bisa nauyi, kafin ya ƙone sarai. In iska ta ƙaru ba a ƙara mai ba, inji ya kan yi zafi ainun, balle irin wannan da iska ce ke sanyaya shi, silindar baya kuwa tana laɓe a bayan ta gaba. Tun daga 2007 duk baburan wannan kamfani ba su da kafireta, kwamfuta ce ke auna mai, ita za a sake wa lissafi. Masu cire cikin salansa su bar bututu fayau, ƙara su ka samu, ƙarfin ƙasa kuwa sau da yawa raguwa ya ke yi. Kunne ne ya ruɗe su.

Inda a ke yawan tuntuɓe shi ne kamshaf, sandan nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul yana rufewa. Bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa daidai sa'ad da fistan ya kai ƙasa, sai ya ɗan jinkirta har fistan ya soma hawa. In inji na gudu ƙwarai, iskar da ta taso da ƙarfi tana ci gaba da kutsawa ko da fistan ya juyo, jinkirin ya zama riba. In kuwa a hankali ya ke juyi, iskar ba ta da wannan zafin nama, sai fistan ya koro wata waje ta ƙofar da ta shigo. Ashe ke nan kamshaf mai dogon jinkiri, wanda mai kanti zai yi maka alfahari da yawan dokinsa, shi ne zai kashe maka ƙarfi a daidai wurin da ka ke tafiya. Na matafiyi shi ne mai rufe bawul da wuri. A ganina wanda ya gane wannan kaɗai ya tsirar da rabin kuɗinsa. Kuma tun da an buɗe wurin, mai injin Twin Cam 88 na tsakanin 1999 da 2006 ya duba takalman da ke ɗame sarƙar kamshaf, gama an san su da cinyewa, ɓarɓashinsu kuwa ya kan bi baƙin mai ya yi ɓarna.

Sai faɗaɗa cikin silinda, wanda shi ne hanya mafi tabbas. Mudun da Amurkawa ke awon cikin inji da shi wani ɗan akwati ne mai inci ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Twin Cam 88 ya ci sunansa ne don silindarsa biyu suna ɗaukar irin wannan mudu 88, watau cc 1,450. Faɗin kowace inci 3.75 ne, tafiyar fistan inci 4. In aka ƙara faɗin da sumuni ɗaya na inci, ya zama 3.875, sai cikin ya haura 94, a na kiransa 95. A 2007 kamfanin ya tsawaita tafiyar fistan zuwa inci 4.375, aka sami 96, shi kuma in an yi masa wancan faɗaɗawa ya koma 103. 'Yan ajin lissafi su auna da kansu, su ga yadda ɗan abin da bai kai kaurin fensir ba ya ke haifar da mudu shida ko bakwai. A 2016 aka fito da sabon inji, Milwaukee-Eight, mai mudu 107 da bawul huɗu a kowace silinda maimakon biyu, duk dai don numfashi.

Wasu su kan sa fistan mai ƙara matse iska. Lalle yana ƙara murɗi, amma yana son fetur mai kyau. In an rasa shi a wani ƙauye, mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, a ji inji na ƙwanƙwasa, ƙarshenta fistan ya lalace nesa da gida. Kuloci ma yana da iyakar abin da zai riƙe, in ƙarfi ya fi shi sai ya riƙa zamewa, dole a ƙarfafa shi. Hukuma kuma tana da ta cewa: a watan Agusta na 2016 kamfanin ya yarda ya biya tarar dala miliyan 12, bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhume shi da sayar da na'urorin sake lissafin kwamfuta kimanin 340,000 masu ƙara hayaƙi.

In an gama aiki a kan ɗora babur bisa wani gangan ƙarfe, ƙafar baya tana juya shi, na'ura ta zana layi biyu a takarda, ɗaya na doki, ɗaya na murɗi. Idon kowa ya kan tafi can dama, wurin ƙololuwar doki. Matafiyi ya sa yatsa a kan juyi 2,500, ya bi layin murɗi, ya gwada shi da na takardar da aka zana kafin a taɓa injin.