Fitilar Gargaɗi a Kan Tsohuwar Mota: Daga Ina Wutar Za Ta Fito?

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano da daddare a lokacin hazo ya san amfanin fitila mai walƙiya. Mota ta mutu a tsakiyar titi, ko an yi haɗari, mai tahowa a guje kuwa ba ya ganin komai sai ya zo dab. Shi ya sa masu janwe, da 'yan agajin da ke kai ɗauki da motocinsu na kansu, suke ɗora fitilar gargaɗi a kan rufi. Sai dai yawancin motocin nan sun kwana biyu: Golf ce 'yar Kwatano, ko Fijo 406 da ta sha hannun masu rewaya. A kunna fitila, a tsaya awa guda a bakin hanya, a zo tashi a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas. Mai agaji ya koma neman masu turi.

Shawarar da ake fara ba mutum ita ce ya sayo babban batir. Kuɗin nan sau da yawa asara ne, domin batir ba ya samar da wuta, ajiye ta yake yi. Randa ce kawai. Alteneta, wadda inji ke juyawa da fanbel, ita ce mai ga-ruwan da ke cika ta. In abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, girman randa ba zai hana ta ƙafewa ba, jinkirta lokacin kawai zai yi.

To, nawa ake zubawa? A jikin alteneta akwai lamba, a ƙananan tsofaffin motoci yawanci tsakanin amfiya 55 zuwa 90. Abin da ba a rubuta ba shi ne, wannan adadin sai inji yana gudu sosai ake samun sa. Idan mota tana silo, alteneta kan ba da kusan rabi ne, wani lokaci ma ƙasa da haka, in ta yi zafi ko fanbel ya saki. Nan gizo ke saƙa. Fitilar gargaɗi ba a fi buƙatarta ba sai mota tana tsaye, wato daidai lokacin da alteneta ta fi rauni, kuma daidai lokacin da fankar lagireto ke yawan tashi saboda babu iskar tafiya.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba wat da bolt, ka sami amfiya. Ƙwan babbar fitila mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.5 a wutar mota ta bolt 12, biyu sun kama 9. Ƙara ƙananan fitilun baya da na lamba, ka doshi 12. Injin kansa, da famfon mai da kwal da kwamfutar mota, ya ci goma ko fiye. Fankar lagireto in ta tashi ta ɗebi wata goman. Ka ga alteneta mai lamba 70 da ke ba da 35 a silo ta riga ta gama rabon abin hannunta tun ba a zo kan fitilar gargaɗi ba. Yanzu ɗora mata tsohuwar fitilar nan mai juyawa, mai ƙwai huɗu na wat 55 da ƙananan motocin da ke juya madubi: amfiya 20 ke nan, kuma duk daga batir za su fito, alhali inji yana kunne direba yana ganin caji ake yi.

In an kashe inji kuwa, batir mai 60Ah ba amfiya sittin na awa guda zai ba ka a aikace ba. Batirin tada mota an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, a mayar masa nan take. Shanye fiye da rabinsa yana rage masa kwana, ga zafin ƙasarmu da ke cin batir tun yana sabo. Da waccan fitila mai juyawa, awa ɗaya da rabi ta isa ta cinye rabin lafiyayyen batir. Wanda ya tsufa ba zai kai ko'ina ba.

Saboda haka ni a ganina gyara na farko rage nauyi ne, ba ƙara wuta ba. Fitilar LED mai walƙiya, irin matsakaiciya, ba ta cika wuce amfiya 3 zuwa 5 ba, kuma da yake ƙyaftawa take yi, rabin lokaci a kashe take. Wannan canjin kaɗai ya raba mutane da yawa da matsalar. Har dabul sigina ta motar, mai ƙwai huɗu na wat 21 da ƙanana biyu a gefe, tana jan kusan amfiya 8 duk ƙyaftawa. Ana iya mayar da su LED, amma sai an canza filasharta, in ba haka ba za ta riƙa ƙyaftawa da sauri kamar ƙwai ya ƙone.

Kafin ka kashe ko sisi, nemi mita. Da safe, kafin a tada mota, ɗora ta a kan batir: 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi. Tada inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka kunna duk abin da za ka kunna a bakin hanya, ka bar mota a silo, ka zuba wa mita ido. In lamba ta zauna sama da 13, kana lafiya. In ta gangaro ƙasa da 12.6 tana ci gaba da sauka, batir ne ke ciyar da motar. Taka totur kaɗan. In lambar ta haura, alteneta na da rai, silo ne ya yi mata kaɗan. In ba ta motsa ba, a kai ta wurin mai rewaya ya duba burushi da diyod.

Sau da yawa ma ba alteneta ce mai laifi ba. Buɗe bonet ka kalli kan batir. Farin garin nan mai kore-kore da ya taru, da kan da ya saki aka cusa ƙusa ko aka buga da dutse don ya kama, da wayar da ke tafiya daga batir zuwa bodi wadda rabin zarenta ya tsinke, kowannensu yana tare wuta yana mayar da ita zafi. Ruwan zafi, burushin ƙarfe da sabon kai sukan dawo da rabin bolt da aka yi ta zargin alteneta a kansa.

Wajen haɗa fitilar, kada a yanka wayar rediyo ko ta babbar fitila a ɗosana. A ja mata tata waya daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin aikin fiyus kare waya ne daga kamawa da wuta, kuma duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da kariya. A sa rile, yadda maɓallin da ke gaban direba zai ɗauki 'yar wuta kaɗan. A kula da wayar kanta: akwai wadda ake sayarwa mai kama da tagulla amma alminiyon ce aka shafa wa 'yar tagulla a sama. Kankare ta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye ta. Shi kuwa fiyus da ya ƙone aka naɗa masa zaren waya, wannan gobara ce ke jiran rana.

Wanda aikinsa ya ƙunshi tsayuwar awanni da inji a kashe, shi ne mai buƙatar batir na biyu, irin mai jure shanyewa da ake sa wa sola. Amma ba a haɗa shi kai tsaye da na mota, don mai rauni zai riƙa zuƙe mai ƙarfi. Akwai rile na musamman da ke haɗa su idan wuta ta haura kusan 13.3, alamar alteneta na caji, ya raba su idan ta sauka. Fitila ta ci nata har ya ƙare, na tada mota yana nan cike. In a but za a ajiye shi, a ɗaure shi tam, a sa fiyus a bakin kowane batir, kuma in mai ruwa ne a bar masa hanyar iska, saboda yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji. A tuna kuma cika shi ƙarin aiki ne a kan alteneta ɗaya tilo. 'Yar zirga-zirgar cikin gari ba za ta cika batir biyu ba, sai a riƙa haɗa shi da caja a gida.

Batun launi ba na lantarki ba ne, amma yana iya jawo wa mutum abin da ya fi mutuwar batir. Ja da shuɗi da jiniya an san su da 'yan sanda, motar asibiti da 'yan kwana-kwana, kuma dokar hanya a Najeriya ba ta sakar wa kowa jiniya ba. Ruwan ɗorawa shi ne launin gargaɗi na masu janwe da masu aikin titi. Mai motar kansa ya tsaya a kan wannan launi, ya kuma leƙa ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ya ji abin da aka yarje masa kafin ya huda rufin motarsa.