Tausa Ma Sana'a Ce, Amma Sai Da Ilmi

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya tare ni a ƙofar makaranta, ya ce, "Malam, ina so in koyi tausa in mai da ita sana'a, amma Baba ya ce aikin marasa abin yi ne." Na yi masa alkawarin amsa, ga ta nan, kuma ina fata iyaye za su karanta.

Da farko dai, tausa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ungozoma takan tausa mai jego da jariri da man kaɗanya, maɗori kuma yakan murza gaɓa bayan ƙashi ya kama. Abin da muka rasa shi ne ɗaukarta da daraja. A ƙasar Tailan har makaranta gare ta a wurin ibadar Wat Pho da ke Bankok, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa tausar ƙasar cikin al'adun duniya masu daraja. A Koriya ta Kudu kuwa doka ta keɓe lasin tausa ga makafi, kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a 2008, don su ci guminsu.

To amma ƙarfin hannu kaɗai ba ya mai da mutum gwani. Dole ya san tsoka da jijiya da gaɓoɓi, ya kuma san inda ba a taɓawa, wanda shi ne babban ilmin. Ba a tausa mai zazzaɓi, ko sabon targaɗe, ko karaya, ko fatar da ke da miki. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka matsa, gudan jinin zai iya tafiya huhu ya yi kisa. Irin wannan asibiti za a tura shi. Mai tausa ba likitan gashin ƙashi ba ne, shi wannan a jami'a ake horar da shi.

Haka nan sana'ar tana cin mai ita. Wanda bai koyi danna nauyin jikinsa ba, ya dogara da babban yatsa da wuyan hannu, da wuri ciwo zai zaunar da shi.

Shawarata ga wannan yaro: ka nemi makaranta mai ba da takardar shaida. A nan Gana, doka mai lamba 575 ta shekarar 2000 ta kafa hukumar rajistar masu maganin gargajiya, ka je ka tambayi ƙa'idarta. Ka tsare tsabta da sirrin mutane, namiji ya tausa namiji, mace ta tausa mace. In Baba ya ga takarda da mutunci, da kansa zai miƙo maka bayansa.

Allah Ya sa mu dace, amin.