YARON DA KARATU YA GAGARA: A DUBA IDONSA TUKUNA

'Yan'uwa manoma, akwai kukan da muke yawan ji daga bakin iyaye a Warra, da Ngaski, da Shanga, har Yelwa: yaro ya shekara uku a makaranta, ko sunansa ba ya iya karantawa. Sau da yawa akan ce daƙiƙi ne, a cire shi, a mai da shi gonar albasa ko wurin su. Kafin a yanke wannan shawara, muna roƙo a duba idonsa.

Mu mutanen bakin Kwara mun saba da makantar manya, wadda baƙin ƙudan rafi yake kawowa. Shi ya sa muke ɗauka ciwon ido na tsofaffi ne. Amma yara ma suna da nasu. Yaro kuwa ba zai ce ba ya gani sosai ba, gama yana tsammani haka kowa yake gani.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Yana kanne ido in yana duban allo, ko yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa.
2. Yana kai littafi dab da hancinsa, ko ya karkata kai.
3. Yana kukan ciwon kai in ya ɗan jima yana karatu.
4. Ido ɗaya yana karkacewa.
5. Yana yawan murza ido saboda ƙaiƙayi.
6. Yana tuntuɓe da magariba, watau dundumi.

In aka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, kada a jira kaka, a tafi asibiti nan da nan.

GWAJIN FARKO

Malamin makaranta ko malamin asibiti zai iya yin wannan. Akwai takardar gwaji mai baƙaƙe manya da ƙanana, wadda wani likitan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya shirya a 1862. Wanda bai iya karatu ba akan yi masa da mai baƙin E kaɗai, ya nuna da yatsu inda ƙafafun baƙin suka fuskanta. A manna takardar a bango inda akwai haske, yaro ya tsaya nisan mita 6, watau kamar ƙafa 20. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, sa'an nan ya sake da ɗayan. In ya kasa layin da aka rubuta 6/12, ko da da ido ɗaya ne, a kai shi wurin masana.

DON ME SAI AN JE WURIN MASANA?

Wannan gwaji na nesa ne kawai. Akwai yaron da yake hango kwalekwale a tsakiyar ruwa sarai, amma in ya dubi rubutu kusa sai jijiyar cikin idonsa ta yi ta fama har ta gaji, baƙaƙen su dushe. Likitan ido yakan ɗiga wani magani da zai hutar da jijiyar, ya auna idon, ya faɗi tabarau ɗin da ya dace. Ganin yaron zai dushe kamar yini guda, kada iyaye su tsorata. Jinkiri yana da hatsari. In ido ɗaya ya fi rauni, ƙwaƙwalwa takan daina aiki da shi, gyaransa kuwa ya fi sauƙi kafin shekara 7 ko 8.

A fara daga babban asibiti mafi kusa, a karɓi takarda. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada a saya wa yaro tabarau a kasuwa, na manya ne. Kada kuma a ɗiga masa ruwan ganye ko maganin da aka rubuta wa wani.

IN AKA TARAR IDON LAFIYA YAKE FA?

To, a duba kunne. A tuna kuma da harshe: yaron da yake jin Kambarci ko Gunganci a gida, ya tarar da Hausa da Turanci a aji, kaya biyu ya ɗauka. Yunwa, da zazzaɓi, da tsargiya ma suna hana mai da hankali. Akwai kuma yara masu wayo da lafiyayyen ido waɗanda haɗa baƙi da sautinsa yake yi musu wuya. Tabarau ba ya warkar da wannan, bulala ma haka. Abin da yake taimakonsu shi ne koyarwa a hankali, baƙi ɗaya-ɗaya, kowace rana.

AIKIN ƘUNGIYA

Kuɗin mota da na tabarau yakan fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Bayan girbin shinkafa ko sayar da albasa, a ware wani abu a asusu saboda wannan. A nemi shugaban makaranta ya yarda a gwada dukan yara sau ɗaya a shekara. Waɗanda suka kasa a haɗa su mota ɗaya, mutum biyu su raka su. A gida kuma a riƙa ba yara zogale, da gwanda, da mangwaro, da manja, a kai su allurar ƙyanda, gama waɗannan suna tsare ido.

Muna so kowace ƙungiya ta sa maganar nan a taronta na wata mai zuwa. Allah ya taimake mu.