Ciwon Baƙin Ciki ga Mata Masu Juna Biyu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, gama su ne ƙarar gidaje ta kan fara isa gare su.

Akwai wani ciwo da ke kama mace mai ciki wanda ba ya fitowa a jiki. Sai a ga ta daina barci, abinci ya fita ranta, tana kuka ba wani dalili, har ta ƙi zuwa awo. Mutane su kan ce iskoki ne ko taurin kai. Likitoci kuwa sun san shi, yana kuma da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ce wa a ƙasashe masu tasowa wajen mace 16 cikin 100 masu ciki na fama da irinsa. Inda miji ya ke duka ko zagi, ko ya hana ci da sha, abin ya fi tsanani, har ya kan jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

Da, al'adar goyon ciki ta kan rufa asirin mace, watau ta koma gidan iyayenta kafin haihuwar fari, uwa ta dube ta. To, 'yan bindiga sun watsa ƙauyuka da yawa a wannan yanki, mace ta kan wayi gari a baƙon wuri, ba uwa ba gwaggo, sai mijin da shi ma hankalinsa ba a kwance ya ke ba. Ga kunya kuma, ba ta iya faɗa.

Maganin galibi magana ce. A ƙasar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki har sau 16, suna sauraronsu, suna taimakonsu su gane tunanin da ke danne su, su sāke shi da wanda ya fi. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata 6 da haihuwa 23 cikin 100 ne kaɗai ciwon bai saki ba, alhali cikin waɗanda ba a yi wa haka ba 53 ne. A 2015 Hukumar ta mai da hanyar littafi domin kowace ƙasa. Ma'aikatan nan ba likitoci ba ne, abin lura ke nan.

Saboda haka kadan irin wannan ƙara ta zo, kada Hakimi ya ce wa mace ta yi haƙuri kurum ya mai da ita ɗaki. A bar ta ta yi magana a keɓe, ga ungozoma ko malamar asibiti, ba a gaban miji ba. Kadan akwai duka, a kira waliyyinta a sama mata inda za ta kwana lafiya, sa'an nan a kai magana gaban Alƙali, gama a mazhabar Malikiyya yana da ikon raba aure saboda cutarwa. Malamin Hakimi ya rubuta ranar ƙara da abin da aka zartar, ya kulle littafin. Magana in ta fita zaure, wata ba za ta ƙara zuwa ba.

Wadda ta ambaci kashe kanta lalle ne a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. In abin ya fi ƙarfin Babban Asibitin Talata Mafara, sai Asibitin Tarayya na Gusau ko asibitin masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato.