Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ suke rikiɗewa a Termux, kuma yaya ake gyarawa?

Idan kana koyon rubuta manhaja a waya da Termux, ko kana shiga sabar Linux daga cikinsa, akwai ranar da za ka buɗe fayil na Hausa ka tarar "ƙasa" ta koma "??asa", ko "Æ™asa", ko kuma wani ɗan akwati ya zauna a gurbin harafin farko. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da Faransanci sun san irin wannan, inda é take komawa Ã©. Da yawa sai su goge Termux su sake saukewa, data ta ƙone, matsala tana nan daram. Alhali kamannin lalacewar da kansa yana gaya maka inda ciwon yake.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 kacal gare shi, babu é a ciki, balle ƙ. Daga baya Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake ajiye waɗannan lambobi a fayil. A UTF-8, k ta yau da kullum bait ɗaya ce, amma ƙ bait biyu ce: C6 da 99. Kafin ka ga ƙ a fuskar waya, sai abu uku sun yarda da juna: shirin da ke fitar da rubutun, taminal da ke karɓarsa, da salon haruffan da ke zana shi.

Fara da wannan gwaji, wanda ke tura bait biyun kai tsaye ba tare da wani shiri ya sa baki ba:

printf '\306\231\n'

Idan akwati ya fito, salon haruffanka ne ba shi da zanen ƙ. Wannan ba ya yawan faruwa a Android, domin tsarin yakan aro harafi daga wani salon idan ya rasa. In ya faru, sauko da DejaVu Sans Mono ko Noto Sans Mono, ka ajiye shi da sunan ~/.termux/font.ttf, ka buga termux-reload-settings. Shi ke nan.

Idan kuwa ƙ ta fito lafiya lau amma ls ko nano suna nuna alamomin tambaya, ko lambobi irin \306\231, to taminal ba shi da laifi. Shirye-shiryen ne ba a gaya musu cewa UTF-8 ake magana ba. A ganina nan ne mafi yawan masu karatu za su sami matsalarsu. Termux kansa yana zuwa a saite, amma da zarar ka shiga Ubuntu ta proot-distro, ko ka shiga sabar ta ssh, ka shiga wani gida mai nasa saitin. Buga:

locale

Ka dubi layin LANG da na LC_ALL. Idan babu komai a gabansu, ko ka ga POSIX ko C, shirye-shiryen suna ɗaukar duk abin da ya wuce ASCII a matsayin baƙon da ba su sani ba. Alamar tambaya biyu da ka gani a "??asa" bait biyun nan ne, kowanne da tasa. Gyara mafi sauƙi shi ne:

export LANG=C.UTF-8

Ka sa layin a ƙarshen ~/.bashrc don kada ya ɓace idan ka rufe. A kula, LC_ALL yana danne LANG. Idan wani ya rubuta LC_ALL=C a wani wuri, duk abin da ka sa a LANG aikin banza ne har sai ka cire wancan da unset LC_ALL. Wani lokacin kuma sabar za ta yi ƙorafin cewa ba za ta iya canza locale ba, saboda wanda ka nema ba a girka shi a kanta ba. Buga locale -a ka ga waɗanda ke akwai. A Debian da Ubuntu, apt install locales sannan dpkg-reconfigure locales zai ba ka jeri ka zaɓa. Abin sha'awa, har da ha_NG na Hausa a jerin, sai dai ba sai da shi ƙ za ta fito ba. Duk wanda ke tafiya da UTF-8 ya wadatar.

Shirye-shirye biyu suna da nasu taurin kai. Git yakan nuna sunan fayil kamar "\306\231asa.txt" ko da komai ya daidaita, domin haka aka tsara shi da gangan. Maganinsa git config --global core.quotepath false. Shi kuma tmux, idan aka kunna shi cikin saiti mara kyau, yakan maye gurbin haruffan da ɗan layin ƙasa. Fita ka sake shiga da tmux -u.

Saura Æ™, kuma nan ne ake asarar aiki. Wannan yana faruwa ne idan wani shiri ya ɗauki C6 da 99 ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Haka ɗ ke komawa É— a hannunsa. A kwamfuta, idan kana amfani da PuTTY, ka shiga sashen Translation ka zaɓi UTF-8. Amma Termux da UTF-8 kaɗai yake karatu, saboda haka in ka ga Æ™ a cikinsa, yana nuna maka gaskiyar abin da ke cikin fayil ɗin ne: wani ya buɗe shi a karkace ya kuma ajiye shi a haka. Sau da yawa ana iya juya ɓarnar baya:

iconv -f UTF-8 -t WINDOWS-1252 lalatacce.txt > gyararre.txt

Babban Ɓ yakan kawo cikas a nan, domin bait ɗinsa na biyu, 81, ba shi da harafi a Windows-1252, sai ka gyara shi da hannu. Idan kuma tsohon fayil ne na Faransanci da ke nuna � a gurbin é, akasin haka za ka yi, wato -f WINDOWS-1252 -t UTF-8. Umarnin file zai taimaka maka ka gane da wane tsari aka ajiye shi.

Kada ka taɓa sa suna ɗaya a hagu da damar alamar >. Za a share fayil ɗin tas kafin iconv ya fara karanta shi. Kuma idan ka buɗe fayil ka ga alamomin tambaya ko �, fita ba tare da ka ajiye ba. Muddin matsalar a nuni take, rubutunka yana nan lafiya a ƙasa. Amma idan shirin ya rubuta alamomin a gurbin haruffan, babu umarnin da zai san wace ce ƙ wace ce ɗ, sai dai ka bi kalma bayan kalma.

Akwai kuma waɗanda haruffan ke fito musu daidai, amma idan suka danna ƙ a kibod ba ta shiga, ko kalma ta maƙale sai an danna tazara. Wasu kibod ɗin waya ba sa jituwa da Termux. Buɗe ~/.termux/termux.properties, ka ƙara layin enforce-char-based-input = true, ka sake buga termux-reload-settings. In hakan bai yi ba, gwada Gboard, ka ƙara Hausa a cikin harsunansa.