Cin Rani da Korar Baƙi a Mahangar Tattalin Arziki: Misali Daga Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega zuwa kudu. Tun zamanin mulkin mallaka magidantan lardin Sakkwato kan bi irin wannan hanya bayan kaka, su nufi gonakin koko na ƙasar Yarabawa ko kasuwannin Gwalkwas, wato Gana ta yau, su komo kafin shuka. Wannan cin rani ne R. M. Prothero ya nazarta a ranin 1952 zuwa 1953.

Masana tattalin arziki sun yi wa irin wannan tafiya fassara biyu. Harris da Todaro (1970) sun danganta ta da ratar abin da mutum ke sa ran samu tsakanin gida da waje. Stark da Bloom (1985) kuwa sun ɗauke ta shawarar gida gaba ɗaya: inda damina ɗaya ce tak, kuma ba ta da tabbas, tura mutum ɗaya waje kariya ce ga rumbu. Fassara ta biyu ta fi dacewa da cin rani, domin mai tafiya yana rage bakin ci a gida, sannan ya dawo da kuɗin haraji da na sutura.

Rikici kan taso ne idan arzikin masaukin ya ja baya. A Nuwamban 1969, Gana na fama da rashin aikin yi, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Hausawan zango da yawa suka rasa dukiyarsu. A Janairun 1983, bayan faɗuwar kuɗin mai, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ta ba da irin wannan wa'adi, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. An kuma kafa hujja da tarzomar Maitatsine ta Kano ta 1980.

A duka biyun, baƙin sun daɗe suna aiki ana amfana da su kafin a kira su barazana, kuma korarsu ba ta farfaɗo da arzikin ƙasar ba. Don haka mai nazarin ƙaura da rikici a wannan yanki ya kamata ya fara da farashin koko da mai da hatsi, kafin ya koma ga ƙabila ko addini.