Zaɓen A-kori-kura ta Hannu Don Jan Tirela a Alshajara

Unguwar Alshajara tana kudancin Khartum, a gaɓar Farin Nilu, kan hanyar da ke bi ta Kalakla zuwa Jabal Auliya, kuma a wannan hanya a-kori-kura, wadda mutanen Sudan ke kira boksi, ita ce ke ɗaukar fasinja da kayan gwari da na gini. Tirelar shaƙatawa mai ɗaki da gado, irin wadda iyalai ke ja a Amurka, ba ta yaɗu a nan ba. Abin da aka fi maƙala wa mota shi ne tankin ruwa, ko janareta, ko amalanken ƙarfe na kayan gona, amma ƙa'idar zaɓen motar ɗaya ce.

Lissafi yana farawa ne daga kayan da za a ja, kafin a tafi kasuwa. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 ya kai tan biyu tun ba a haɗa da nauyin ƙarfensa da tayoyinsa ba. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Land Cruiser 79, wadda ake kira Tacar a Sudan, da wasu sababbin Hilux iyakar jan kilo 3,500, da sharaɗin tirelar tana da birkinta na kanta. Idan ba ta da shi, iyakar takan sauko zuwa kilo 750. Yawancin tirelolin da masu walda ke ƙerawa ba su da birki, kuma wannan ne abin da masu saye suka fi kau da kai daga gare shi, domin injin da ya iya tayar da kaya ba shi ne zai tsayar da su ba idan jaki ya ratso titi. Akwai kuma nauyin da bakin tirela ke ɗorawa kan maƙalin ja, wanda ya kamata ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta: in ya gaza haka tirelar takan yi ta lilo a baya, in ya zarce sai gaban motar ya ɗaga, sitiyari ya rage kama ƙasa.

Manyan motocin Amurka irin su Ford F-250 sun fi ƙarfin ja nesa ba kusa ba, sai dai kayan gyaransu da makanikan da suka san su ba su da yawa a Khartum da Omdurman, sannan sababbin injunan dizal masu matatar hayaƙi ba sa jure man da ke da farar wuta da yawa. Shi ya sa tsohon injin 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda Toyota ta fitar a 1990, yake da daraja har yanzu, duk da cewa ba shi da gudu.

Wajen dubawa, ana so mai saye ya iske motar da safe, injin a sanyaye, domin dillali yakan ɗumama ta kafin a zo don a ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna injin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa alama ce ta ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Lagireto ya cancanci a tsaya a kansa sosai, tun da a watannin Mayu da Yuni zafin Khartum yana wuce digiri 40, ga ƙurar guguwar habub da ke toshe ramukansa, kuma motar da ba ta zafi tana wofi tana iya tafasa da zarar an ɗaura mata tan biyu. Daga nan sai makanike ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya bi shasi, wato ƙarfen da dukan motar ke zaune a kansa, yana neman walda ko tsagewa ko sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, musamman inda aka ɗaure maƙalin ja da inda sifirin ɗin baya ke kama.

Batun takardu kuwa ya fi duk waɗannan nauyi a yau. Tun kafin yaƙi kasuwa ta san motocin fasa-ƙwauri marasa rajista, waɗanda ake yi wa laƙabi da Boko, sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin an wawushe motocin jama'a masu ɗimbin yawa a birnin, kuma Alshajara kanta, inda barikin rundunar tankokin yaƙi yake, ta ga faɗa mai tsanani. A-kori-kura ce motar da mayaƙa suka fi nema. Ramukan ƙusa da aka cike a tsakiyar bodin baya, ko tabon walda mai zagaye, suna iya nuna inda aka taɓa girke babbar bindiga, kuma motar da ta yi irin wannan aiki shasinta ya riga ya galabaita ko da fentinta yana sheƙi. Wajibi ne a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda, a duba ko an goge lambar an sake bugawa, sannan a je ofishin 'yan sandan hanya tare da mai sayarwa a tabbatar ba a kai rahoton satarta ba. Idan mai sayarwa ya ƙi zuwa, to, a fasa cinikin, kome sauƙin kuɗin.